Allura Da Tunkiya: Arzikin Garun Malam Da Ba Ya Shiga Lissafin Hukuma

Duk matafiyin da ya bi hanyar Kano zuwa Zariya a tsakiyar rani, da zarar ya wuce Kura ya shiga ƙasar Garun Malam, wajen Kadawa da Ciromawa da Kwanar Gafan, zai ga abin da ba kasafai ake ganinsa a ƙasar Hausa ba a irin wannan lokaci. Gonaki ne kore shar dama da hagu, ruwa yana gudu cikin magudanai, ga kwandunan tumatir jibge a bakin titi ana loda wa manyan motoci masu zuwa Kudu. Wannan shi ne abin da idon baƙo ke gani, shi ne kuma abin da rahoton hukuma ke ƙirgawa. Kowace shekara akan ji yawan hektocin da aka noma, da tan nawa na shinkafa da alkama aka girbe, da buhu nawa na takin zamani aka raba.

Amma akwai wani arziki a wannan yanki wanda ba a hango shi daga titi, domin yana bayan danga da katanga. Shi ne tunkiyar da ke ɗaure a turke a tsakar gida, da allurar da ke hannun uwargida bayan ta sauke tukunya. Fiye da shekara 50 ke nan da fara aikin noman rani na Kogin Kano, amma har yau waɗannan abubuwa biyu ba su sami gurbin da ya dace da su a tsarin hukuma ba. Muddin kuwa ba a shigar da su lissafi ba, to, ruwan Tiga zai ci gaba da cika motocin fatake, alhali gidan ƙaramin manomi yana tsaye a bakin rami, tsutsa ɗaya ko faɗuwar farashi ɗaya ta isa ta tura shi ciki.

ABIN DA RUWA YA KAWO

An gina madatsar ruwa ta Tiga tsakanin 1971 da 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, daidai lokacin da fari ya addabi ƙasashen bakin Sahara har ya hallaka dabbobi masu ɗimbin yawa. An tsara madatsar tun farko ta riƙe ruwa kimanin mita-kubik miliyan 1,900. Hikimar aikin ita ce ruwan yana gangarowa da kansa ba tare da inji ba, ya bi ta Ruwan Kanya ya shiga babbar magudana, daga nan ya rarrabu zuwa ƙanana har ya kai bakin gonar manomi. An tsara kashi na farko na aikin ya mamaye hekta 22,000 a ƙasashen Kura da Bunkure da Garun Malam, ko da yake shekaru masu yawa abin da aka gyara bai wuce kimanin hekta 15,000 ba. Daga baya Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ta karɓi ragamar aikin.

Babu mai hankalin da zai musa alherin wannan aiki. A dā, da an ɗauke kaka sai samari su yi bankwana da gida su tafi cin rani. Yanzu kuwa gona ɗaya takan ba da shinkafa da damina, ta ba da alkama ko tumatir ko albasa ko masara da rani, har baƙi ne ke zuwa neman ƙodago. Kura ta zama cibiyar turara shinkafa da cashe ta, Kwanar Gafan kuma ta zama kasuwar tumatir da ake jin sunanta har Legas.

Sai dai idan aka duba tarihin taimakon da hukuma ta riƙa bayarwa, za a ga idonta a kan abu ɗaya yake: gona da magudana. Lokacin da Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da alkama a 1987, nan aka juyo ana kiran manoma su ciyar da ƙasa da burodi, har zuwa 1992 da aka janye hanin. A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 495 don gyara ayyukan noman rani a Arewa, Kogin Kano yana cikin waɗanda suka amfana, aka yashe magudanai aka gyara ƙofofin ruwa. Duk waɗannan abubuwa ne masu kyau. Amma tun farko, sa'ad da katafila ta shiga daidaita ƙasa, ta tuge itatuwa masu yawa na ɗorawa da kuka da kaɗanya da gawo, filayen kiwo kuma suka koma gonaki. Kalwar ɗorawa jarin mace ce mai daddawa, 'ya'yan gawo kuwa abincin tumaki ne a lokacin da ba ciyawa. Sunan Ɗorawar Sallau kaɗai ya isa shaida a kan matsayin wannan itace a yankin. Ke nan an ƙara wa gonar maigida ruwa, an rage wa uwargida abin da take dogaro da shi, ba kuma tare da an rubuta wannan hasara a littafin kowa ba.

BAZARA A NAN DABAM TAKE

Ɗaliban da suka karanta littattafan Turawa sun saba da wani hoto na bazara: ciyawa ta tsiro bayan sanyi, tumaki suna haihuwa a makiyaya, daga bisani a aske musu ulu, mata su kaɗa shi su saƙa riguna. A Ingila haka abin yake. A nan kuwa tumakin 'Yankasa da Uda da Balami gashi gare su, ba ulu ba, amfaninsu yana ga nama da fata da taki. Bazara kuma, daga Maris zuwa Mayu, ita ce lokaci mafi tsanani ga mutum da dabba. Zafi yakan haura digiri 40, ciyawa ta ƙare, harawa ta yi tsada, rumbu ya yi ƙasa, ƙyanda da sanƙarau su yawaita, ga shi kuma ana neman kuɗin iri da taki saboda damina ta ƙarato.

Manomin Kadawa ya fi takwaransa na tudu sauƙi, domin a wannan lokaci ne yake yankan alkama yana kwashe ƙarshen tumatir. Amma wannan sauƙi yana da sharaɗi, wato shekara ta yi kyau. A 2016 kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar sarrafa tumatir a Kadawa, wadda aka tsara ta riƙa markaɗa tan 1,200 a kowace rana, manoma suka yi murna sun sami kasuwa a ƙofar gida. A shekarar ce tsutsar nan mai suna Tuta absoluta, wadda manoma suka laƙaba wa Sharon, ta afka wa gonaki a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, ta cinye su cikin 'yan kwanaki. Masana'antar ta tsaya saboda rashin tumatir, wanda ya ci bashi ya zuba a gona kuma ya wayi gari hannu wofi. A shekarun da tsutsa ba ta zo ba, sau da yawa yawan tumatir ne ke karya farashi, har manomi ya gwammace ya yanka ya shanya a bakin titi.

To, a irin wannan shekara me ke riƙe gida? Duk wanda ya san zaman karkara ya san amsa. Akan kwance tunkiya ko ɗan rago a kai kasuwa, a sayo hatsi, a biya kuɗin magani, a tanadi iri. Wannan dabba kuwa galibi ta matar gida ce. Wata masaniya Baturiya, Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina a 1967 tana nazarin tattalin arzikin ƙauye, ta lura cewa akasarin tumaki da awakin garin mallakar mata ne. Abin da ta gani ba baƙo ba ne ga Bahaushe, domin a shari'ar Musulunci dukiyar mace tata ce, miji ba shi da ikon taɓa ta sai da yardarta. Saboda haka asusun da ke ceton gida ranar da gona ta gaza, yana hannun wadda ba a taɓa gayyatarta taron manoma ba.

Lissafin tunkiya a fili yake. Cikinta wata 5 ne, ba ta kuma jiran wani lokaci na shekara kafin ta ɗauki ciki. Idan tana ƙoshi tana iya haihuwa sau 3 cikin shekara 2, wani lokaci har da tagwaye. Kasuwar rago ba ta mutuwa, domin kullum ana suna, kowace shekara kuma ana layya. Takin da ake sharewa daga turke yana komawa gona, a zamanin da buhun takin zamani ya fi ƙarfin talaka. Daɗin daɗawa, akwai wani abu da ya kamata ma'aikatan gona su sa wa ido. An yi Babbar Sallah ranar 28 ga Yuni a 2023, ranar 16 ga Yuni a 2024, ranar 6 ga Yuni a 2025. Tunda shekarar Musulunci tana ja baya da kimanin kwana 11, daga 2026 layya ta shiga Mayu ke nan, kafin 2030 kuma ta shiga Afrilu. Ma'ana, shekaru da dama masu zuwa za a yi kiwon ragon layya ne a tsakiyar rani da bazara, lokacin da abincin dabba ya fi wuya a ko'ina. Wurin da ke da ruwa da ɗanyen ganye a wannan lokaci shi ne zai ci kasuwa, idan an shirya.

KOMAI ƘANƘANTAR ALLURA

Mai karatu zai tambaya, ina ruwan allura da wannan magana? Amsa ita ce, a gidaje da yawa allura ce ke sayen tunkiya. Mace ta ɗinka hula ta karɓi ladanta, ta zuba adashi, ranar da kwasa ta zo kanta ta aika a sayo mata 'yar tunkiya. Tunkiya ta haifi rago, rago ya zama kayan ɗakin 'ya, ko kuɗin jarrabawar ɗa, ko keken ɗinki. Wanda ya yanke wannan igiya daga farko, to, ya yanke ta har ƙarshe. Hausawa sun ce komai ƙanƙantar allura ƙarfe ce.

Wannan yanki kuwa ba baƙon zare ba ne. Tun kafin a san Kura da shinkafa, an san ta da marina da mabuga. Rawanin nan mai sheƙi da ake kira ɗan Kura, da turkuɗi, daga nan suke fita su kai Azbin, Buzaye suna sayensu da tsada. Bajamushen matafiyi Heinrich Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya kiyasta cewa tufafin da ƙasar Kano ke sayarwa waje a shekara sun kai aƙalla wuri miliyan 300, a lokacin da ya ce wuri 50,000 zuwa 60,000 ya ishi iyali guda ci da sutura shekara ɗaya cur. Ko da an ɗauki adadi mafi girma, wannan kuɗi ya isa ya riƙe gida 5,000. Tushen wannan ciniki duka kuwa shi ne mazarin da ke hannun mata a cikin gida, domin sai an kaɗa zare masaƙi zai sami abin saƙawa, marini ya sami abin turawa.

Haka nan sana'ar haɗa ƙyalle da ƙyalle a cusa auduga a tsakiya a bi da ɗinki, wadda wasu ke zaton ta Turawa ce, tana da tsohon tarihi a Kano. Ita ce sana'ar lifidi. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga wajen 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke cikin kayan yaƙi. Akan ɗinka shi ne da yadi ninki biyu, a cika tsakiya da audugar rimi, a bi shi da layukan ɗinki don kada audugar ta taru wuri ɗaya, a yi wa bayansa ado da ƙyallaye masu launi dabam-dabam. Kibiya takan maƙale a cikinsa ba ta kai ga jikin doki ko mahayi ba. Yaƙi ya wuce, amma har yau ana ganin 'yan lifidi a hawan Sallah, wanda hukumar UNESCO ta shigar cikin jerin al'adun duniya da ake tattalinsu a watan Disamba na 2024. Abin tambaya shi ne, wa zai ɗinka lifidin da jikokin masu hawan yau za su hau da shi?

Gaskiya ce mazari ya kwanta. Yadin masana'antun Kaduna da Kano yana cikin abubuwan da suka ture saƙar hannu, su ma daga baya atamfar Sin da gwanjo suka ture su. Luru da gwado, waɗanda a dā kowane gida ke da su, yanzu sai an nema. Amma allura ba ta mutu ba. Ana nan ana ɗinkin hula, ana yi wa zanen gado da matashi ado, ana saƙa faifai da tabarma da hular jarirai. Matsalar ita ce rabo. Dillali ne ke kawo yadi da zare da zane, mace ta shafe makonni tana bin zanen da allura har idonta ya yi ja, a ba ta lada kaɗan, hular kuma ta je kasuwar birni a sayar da ita ninkin-ba-ninkin. Ba ta san mai saye ba, ba ta san farashi ba, ba ta kuma da jarin da za ta sayi zaren kanta.

A gefe guda kuma, kowane tela a Kura da Bunkure da Garun Malam yana share ƙyallaye ya zubar ko ya ƙone, musamman ana gab da Sallah. Da hunturu ya kama, sai a tafi kasuwa a sayo bargon da aka yi a wata ƙasa. Wasu al'ummomi sun mai da irin wannan shara dukiya. A wani ƙauye mai suna Gee's Bend a jihar Alabama ta Amurka, matan baƙar fata, jikokin bayi, sun daɗe suna haɗa tsofaffin tufafin aiki da buhuna suna ɗinka barguna don maganin sanyi. A 1966 matan yankin suka kafa ƙungiyar gama-kai ta sayar da aikinsu. A 2002 aka baje bargunan a manyan gidajen nuni na Houston da New York, a 2006 kuma hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunansu a kan kan-sarki. A Bangladesh, ƙungiyar BRAC ta buɗe kantunan Aarong a 1978, domin matan ƙauye masu ɗinki su riƙa karɓar kuɗinsu da zarar sun kawo kaya, maimakon su jira sai an sayar. Dubun dubatar mata ne suka sami abin dogaro ta wannan hanya. A duka wuraren biyu ba a koya wa matan sabuwar sana'a ba, hanyar kasuwa aka buɗe musu.

MASU SUKA

Akwai masu ganin wannan magana ɓata lokaci ce, kuma hujjojinsu sun cancanci a amsa su. Wasu sun ce keken zamani yana yin aikin mako guda cikin sa'a ɗaya, don haka allura ta zama tarihi. Wannan gaskiya ne game da saƙar yadi, ba wanda zai ce a koma yin gasa da masana'anta da mazari. Amma duk ma'aikacin da ya taɓa sayen hula ya san ta hannu da ta inji ba farashinsu ɗaya ba, ya kuma san wadda yake sawa ranar ɗaurin aure. Bugu da ƙari, lokacin da matar kulle ke ɗinki a cikinsa, tsakanin azahar da la'asar ko bayan isha, lokaci ne da babu wata masana'anta da za ta saye shi.

Wasu kuma, musamman injiniyoyin ruwa, sun ce dabba abokiyar gabar magudana ce: tana rusa gaɓa, tana cin shuka, tana haddasa rigima. Wannan ma gaskiya ne game da dabbar da aka saki. Amma kiwon mata a wannan yanki galibi na turke ne, a yanko ciyawa a kawo wa dabba har inda take. Abin da ke sa a saki tunkiya ta nufi magudana shi ne yunwa da ƙishirwa. Wanda ya tanadi abinci da mashaya ya tsare magudanarsa fiye da wanda ya kafa allon gargaɗi.

Kashi na uku su ne masu cewa an sha gwadawa. Suna tuna shirin kyautata rayuwar matan karkara na Hajiya Maryam Babangida na 1987, da waɗanda suka biyo bayansa, inda aka raba kekunan ɗinki aka buɗe cibiyoyi, gwamnati na sauka kuma aka rufe. Darasin da ke ciki shi ne, shirin da aka rataya a wuyan mutum ɗaya yakan tafi tare da shi, kayan aikin da aka raba ba tare da kasuwa ba kuma yakan ƙare a hannun dillalin gwanjo. Wannan dalili ne na gyara tsari, a sa aikin cikin kasafin ma'aikata na kowace shekara, ba dalilin naɗe hannu ba ne.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Na farko, a ƙirga. Ƙananan hukumomin Garun Malam da Kura da Bunkure, tare da hukumar KNARDA, su san yawan tumaki da awakin da ke kowace mazaɓa, da masu su, da sana'o'in da ake yi a cikin gidaje. Wannan aiki ba zai yiwu ba sai da malaman gona mata, domin namiji iyakarsa zaure. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, waɗanda wakilci a cikinsu ya ta'allaƙa ga riƙe gona, su ware kujera ga mata masu kiwo.

Na biyu, abinci. Abin takaici ne a ga ana cinna wa karan shinkafa wuta a gona bayan girbi, wata 4 baya kuma a ga mace tana sayen ƙullin harawa da tsada. Karan shinkafa shi kaɗai ba ya ƙosar da dabba, amma masana kiwo sun daɗe da sanin dabarar inganta shi: a narka kilo 4 zuwa 5 na takin yuriya cikin ruwa, a yayyafa wa kilo 100 na kara, a danne a rufe ruf yadda iska ba za ta shiga ba har mako 3, sannan a buɗe ya sha iska. Haka yana ƙara masa laushi da amfani a jikin dabba. Sai dai tilas malamin gona ya nuna yadda ake yi, domin yuriya tsurarta guba ce. Cibiyar Binciken Kiwo ta Shika da ke Zariya ba ta da nisa, ga kuma tashar binciken noman rani ta Jami'ar Ahmadu Bello a Kadawa kanta. A kuma ƙarfafa shuka waken rani, wanda ke ba da ƙwaya ga mutum ya ba da harawa ga dabba a tsakiyar bazara, a mai da gawo da ɗorawa gefen hanyoyi da bayan gari.

Na uku, lafiya. Annobar mura da gudawa ta tumaki da awaki, wadda likitocin dabbobi ke kira PPR, takan share turken gida cikin mako ɗaya ko biyu. Allurar rigakafinta guda ɗaya tana kare dabba aƙalla shekara 3, ana kuma yin ta a Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom. Hasali ma, ƙwayar da ƙasashe da yawa ke yin wannan rigakafi da ita a Nijeriya aka samo ta a 1975, kuma duniya ta ɗauki alkawarin kawar da cutar kafin ƙarshen 2030. Ba daidai ba ne ƙasar da ta ba duniya maganin ta bar tunkiyar gwauruwa ta mutu don rashinsa. Sannan wurin noman rani yana da tasa cuta: katantanwa irin ta ruwa mai kwanciya tana yaɗa tsutsar hanta ga dabbar da ke kiwo a bakin ruwa, kamar yadda wata irinta ke yaɗa tsargiya ga yara. Maganin tsutsa a kan kari da mashaya mai tsabta nesa da magudana su ne rigakafi.

Na huɗu, jari. A Jamhuriyar Nijar Fulani suna da al'adar habbanaye, inda mai hali ke ba marar hali aron dabba mace, ta haihu a hannunsa, ya riƙe 'ya'yan ya mai da uwar. Ƙungiyoyin agaji sun ari wannan dabara suna aiki da ita a ƙauyuka. A maƙwabciya Jigawa, gwamnatin Muhammad Badaru Abubakar ta raba wa mata awaki a matsayin rance, wasu 'yan birni suka yi ta dariya. Wanda ya yi dariyar bai taɓa kwana da yaro mai zazzaɓi ba tare da abin sayarwa a gida ba. Rancen tunkiya da rancen zare, a hannun ƙungiyoyin adashin da mata suka riga suka kafa da kansu, sun fi kowane bikin raba kaya amfani.

Na biyar, kasuwa. Gwamnati ita ce babbar mai saye a jiha. Makarantun kwana da asibitoci suna bukatar barguna da zannuwan gado da matasai kowace shekara. Idan aka ware ko da kaso kaɗan na wannan kwangila ga ƙungiyoyin mata, aka gindaya musu awo da inganci, aka kuma biya su nan take, to, ƙyallen da tela ke ƙonewa ya sami daraja. A buɗe musu rumfa a Kwanar Gafan, inda fatake daga ko'ina ke sauka, da wata a kasuwar baje kolin Kano. Wannan yana da wata fa'ida da ta shafi ɗalibai kai tsaye: matar da ke da wurin kai kayanta ba ta da hujjar hana 'yarta makaranta don ta ɗora mata talla.

Na shida, makaranta. Waɗanda suka yi firamare a zamanin UPE ta 1976 suna tuna darasin aikin hannu, inda yaro ke saƙa igiya ko faifai da kansa a ba shi maki. A makarantu da yawa darasin ya rikiɗe ya zama kawo tsintsiya daga kasuwa ko biyan kuɗi. A farfaɗo da shi, a gayyato tsofaffin gari masu sanin ɗinkin lifidi da saƙar luru su koyar, a biya su kamar kowane malami, tun suna raye.

Ma'aikacin da ke rubuta kasafi, da ɗalibin da gobe zai gaje shi, ya kamata su tuna cewa ba don tan na shinkafa aka tare Kogin Kano ba, an tare shi ne don mutanen da ke bakinsa. Gidan da ke da tunkiya uku a turke da bargo biyu na sayarwa ba ya sayar da gonarsa saboda shekara ɗaya ta ɓaci, ba ya kuma zuwa ƙofar sakatariya neman tallafi. Magabata sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Matan Garun Malam suna riƙe da nasu guntun gatari tun kafin ruwan Tiga ya iso, abin da ya rage ga hukuma shi ne ta taya su wasa shi. Allah Ya ba shugabanni ikon dubawa, amin.